Cin Cikin Raga

A duk faɗin Katsina, daga Ƙofar Kaura har inda kwalta ta ƙare, ban san wanda ya kai ni sanin cikin ɗan Adam ba. Mutum zai yi sallama a shagona don sayen yadi, kafin ya zauna na san abin da ya karya da shi. Tafiyar wanda ya sha koko da ƙosai daban, ta wanda ya tashi da ɗumame daban. Wanda kuwa aka yi fushi da shi a gida ya fito da ruwan shayi tsura, tun daga tsallaken titi nake gane shi, don shi ne mai taya shadda kamar ya zo rama faɗa. Abokan ciyayyarmu na bakin shago sun sha cewa da likita na zama, da tuni an rufe ɗakin ɗaukar hoto a asibiti. Ni na fara faɗin haka, amma dai sun maimaita.

Da wannan ilimin nawa na yi kusan shekara ina kai wa mahaifiyata abinci kullum, ban san ba ta ci ba.

Ni ne auta a wurin Inna. Yayyena duk sun watse garuruwa, ni kaɗai na rage, ina zaune Kambarawa da iyalina. Ita kuwa tana tsohon gidanmu na Ƙofar Durbi, ta ce babu mai fitar da ita daga ɗakinta sai masu makara. A ɗaya sashen gidan akwai ɗan ƙanen babanmu da matarsa da 'ya'yansu, su ke ɗebe mata kewa. Abinci dai nawa ne, ban yarda kowa ya raba ni da wannan lada ba. Da an yi azahar maiɗakina za ta zuba tuwo a kula, in ɗaure a bayan mashin, in kama hanya.

Inna za ta buɗe, ta shaƙi ƙamshi, ta yaba wa mai girki. Ta wanke hannu, ta yi loma ɗaya, ta yi ta biyu, ta yi ta ukku, ni kuma ina durƙushe a bakin ƙofa ina zuba mata labarin gari.

"Allah ya yi maka albarka, Auta," sai ta ce. "Tashi ka tafi kasuwarka. Sauran sai ya huce."

In tashi in koma shago, inda kwanonin ciyayya ke jirana. Bayan la'asar in biyo in ɗauki kula an wanke ta tas. Da yayata ta Kaduna ta kira ni ta ce, "Auta, wuyan Inna ya yi tsawo a hoton da ka turo," sai na ce mata wayar ce, ni ma haka take mayar da ni kamar zalɓe. Na ƙara da cewa da idona nake ganin tana ci, kuma idona ba irin na kowa ba ne.

Ana haka ɗiyata ta fari ta zo hutu. Sunan Inna gare ta, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. Ni Mamana nake ce mata, Inna kuma Takwara. Ta samu gurbin ƙaro karatu a wata ƙasa can ƙuryar arewacin duniya, inda teku ke daskarewa, rana kuma ta tafi abinta wata da watanni ba ta leƙo ba. Tun da ta tafi nake gaya wa mutane cewa ɗiyata tana nazarin kifayen da suka fi tirela girma. Wani lokaci in hira ta yi daɗi, tirela biyu.

Da ta huta, na ce ta nuna mani kifin. Ta buɗe kwamfuta ta juyo mani da ita. Na duba, na goge tabarau na sake dubawa. Wani abu ne siriri kamar tsinken sakace da aka yi da gilashi.

"Ina kifin?"

"Babu kifi, Baba. Ga ta nan. Tsutsar kibiya."

Tsawonta bai kai ƙaramin yatsana ba, in ji ta. Jikinta garau, ana hango abin da ke bayanta ta cikinsa. Tana da 'yan fukafukai a gefe da wutsiya kamar gashin kibiya, a kanta kuma wasu ƙugiyoyi jere dama da hagu kamar ƙananan lauje. Ba ta yawon neman abinci. Ratayewa take a tsakiyar ruwa, shiru, cikin sanyi da duhu, tana sauraro da jikinta, don akwai 'yan gashi a fatarta masu jin motsin ruwa. Abincinta wasu ƙwarin teku ne kamar ƙwayar shinkafa, cikinsu cike da mai. Da ɗaya ya gifta ruwa ya motsa, sai ta zabura, ta cafke shi da laujen nan, ta haɗiye ɗungurungum. Wani lokaci ma 'yar uwarta take haɗiyewa.

"Wannan ai 'yar kasuwa ce," na ce. "Na san irinsu ukku a layinmu."

Aikin Mamana shi ne su shiga jirgin ruwa, su zura wata raga mai ƙananan ido can ƙasa, su jawo, ta tsince tsutsotsin. Sannan ta sa su ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ta tsaga cikin kowace da allura, ta ga abin da ta ci. Ko ƙwaron ya narke, muƙamuƙinsa ba ya narkewa da wuri, da shi take gane ko wane iri ne.

"Wato kin bar Katsina, kin hau jirgi ukku, don ki leƙa cikin tsutsa."

"Kai na gado, Baba."

Na ji daɗin wannan amsa har na maimaita ta a shago sau goma sha biyu.

Abin da ya ba ni mamaki, mafi yawansu cikinsu wayam ake tarar da shi. Wata sai ɗigon mai kawai, kamar man shanu a kan miya. Wata ɗan kore-kore da ba a gama sanin daga ina ya zo ba. Malamansu ma ba su daidaita ba, in ji ta: wasu na ganin ba ta cika ci ba ne, sai jefi-jefi, wasu na ganin saurin narkarwa gare ta, wasu kuma sun ce amai take in an jawo ta sama a firgice.

Wata safiya na same ta a tsakar gida tana aiki, na leƙa ta kafaɗarta. Sai ga wata tsutsa da ƙwaro guda cur a cikinta, nan kusa da kai, ko lanƙwasa bai yi ba.

"Alhamdu lillahi! Yau dai ga wadda ta samu."

"Wannan ba na ƙidaya ta," in ji Mamana, ta wuce ta gaba.

"Saboda mi?"

Ta ce a gindin ragar akwai wani gwangwani inda duk abin da aka kamo ke taruwa. Kafin a jawo shi sama an cakuɗe kowa da kowa, tsutsa da ƙwaro a matse, abinci na bugun bakinta. Dole ta cafka. Amma wannan ba shi ne cinta na gida ba. Don haka duk abin da aka gani a gaba-gaba, sabo, bai sauka ba, sai a ce cin cikin raga ne, a cire shi. Wanda ya sauka can baya ya fara narkewa, shi ne shaidar abin da take ci in tana ita kaɗai.

Na ce wannan zalunci ne. Baiwar Allah ta yi wata shida a duhu, yau ta ci abinci a gaban shaidu, ku kuma ku ce ba ta ci ba. Ta yi dariya, na yi, na tafi shago.

A sati na biyu ta ce za ta je ta wuni wa takwararta. Ranar da ta sauka ta je gaisuwa, amma gida cike yake da 'yan sannu da zuwa, ba su samu zama ba. Na goya ta a mashin tana rungume da kula.

"Takwara, ashe ƙanƙarar ba ta cinye ki ba?" in ji Inna. "Matso in ga ko kin koma Baturiya."

"Ni da na zo in karɓe ɗakin nan, tsohuwa. Kin daɗe a cikinsa."

"Ki karɓa mana, in kin iya kwana ba fanka. Wai mi ubanki ke cewa kina yi can? Kifi kike kiwo?"

Aka buɗe mata kwamfuta. Ta kawo fuskarta dab da gilashin.

"Ana miya da ita?"

"A'a."

"To mi take ci a wannan duhu, baiwar Allah?"

Mamana ta yi mata bayani kamar yadda ta yi mani, yadda take ratayewa tana jiran motsi. Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ita kaɗai take zama?" Ban ji amsar ba, don a lokacin ina ba da labarin wani direba da akuya. Inna ta yi lomarta ukku, ta sa mani albarka, na tafi.

Bayan la'asar na zo na ɗauki Mamana. Ba mu yi nisa ba ta taɓa kafaɗata ta ce in tsaya. Na tsaya a gindin wani iccen bedi.

"Baba, loma ukkun nan da Inna ke yi a gabanka, cin cikin raga ne."

Ta ce ƙarar mashin ɗina ba ta gama ɓacewa ba Inna ta rufe kula, ta kira matar ɗan'uwana ta ce a kai wa yara. Da Mamana ta yi magana, sai ta ce ta ƙoshi, amma ta zuba wa baƙuwa nata a wani kwano daban. Wunin ranar duka ruwa ta sha, sai ɓarin goro.

"Na riƙe hannunta, Baba. Awarwaronta har gwiwar hannu yake zuwa."

Na fara da musu, da ƙarfi kuwa, har mai rake na gefe ya juyo. Na ce yau ne kawai, don murnar ganinki. Na ce tsofaffi haka suke. Na ce ni da nake gane abin da mutum ya ci daga tsallaken titi. Sai maganar ta ƙare mani a baki. Tun daga gindin bedin nan har Kambarawa ban ce uffan ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na iya magana.

Washegari na kai abinci kamar kullum, aka yi loma ukku, aka sa mani albarka. Na tada mashin na zagaya kwana, na kashe shi, na dawo da ƙafa. A tsakar gida na yi kiciɓis da matar ɗan'uwana, kulata a hannunta. Ta daskare, ta sunkuyar da kai.

"Wallahi Yaya, Hajiya ce ta ce kada in faɗa."

Na ce ba komai, ta kai wa yara. Na shiga wurin Inna. Tana zaune a tabarma a inuwar ɗakinta, ta juya tana fuskantar wata 'yar ƙofa da ke jikin katanga, wadda aka toshe da kwanon rufi.

Ƙofar aminiyarta ce. Maƙwabciyarmu ce, tun kafin a haife ni aka fasa katangar don su riƙa shiga wa juna ba sai sun zagaya ta waje ba. Fiye da shekara arba'in kwano ɗaya suke ci da rana. Wannan ta kawo tuwo, waccan ta kawo miya, su zauna su yi ta gardama a kan gishiri. Daminar da ta wuce Allah ya yi mata rasuwa. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Na yi zaman makoki, na yi wa Inna ta'aziyya, na yi duk abin da ake yi. Kwanon ne kawai bai zo mani a rai ba.

Inna ba ta yi mamakin ganina ba. Ta ce, "Takwara ce ta tona ni ko? 'Yar nema." Ta gyara zama. "Ba ciwo nake ba, Auta. Abincin ma da daɗi. Amma ni tun ina yarinya ban taɓa sa hannu a kwano ni kaɗai ba. In na buɗe, na ga babu hannun kowa a wancan gefen, sai tuwon ya tsaya mani nan." Ta nuna maƙogwaronta. "Ukkun da nake yi, don kada ka tafi kasuwa da damuwa ne."

Na fara kawo dabaru, don a nan na fi ƙarfi. Ta ci da matar ɗan'uwana mana. Ta ce sun gwada sau ɗaya: yarinyar ta zauna a kaikaice ta rufe fuska da mayafi don kunyar suruka, tana tsakurar tuwo kamar tsuntsuwa, su biyun duka suka tashi da yunwa. To ta dawo Kambarawa. Ta kalle ni kawai. Muka kai ta asibiti duk da haka, aka auna aka duba, likita ya ce bai ga komai ba sai shekaru da rashin ci.

Sauran sati huɗun hutunta, Mamana a Ƙofar Durbi ta yi su. Ta kwashe kwamfutarta ta tare a ɗakin Inna. In na kawo kula sai in tarar da su kai a haɗe suna duba cikin tsutsa, su rufe, su wanke hannu, su sa a kwano ɗaya. Kafin sati biyu Inna ta zama malama. Da kunnena na ji tana cewa, "Wannan a raga ta ci, Takwara, dubi ko sauka bai yi ba. Kada ki sa ta." Wata rana kuma ta ga mai ɗigon mai kaɗai, ta ce, "Allah sarki. Wannan da ɗan maiƙon nan za ta ga bayan sanyi."

Ni kuwa ina kallon kwanaki suna ƙarewa.

Ranar da muka raka Mamana tasha, da azahar na kai abinci. Inna ta buɗe, ta yaba, ta yi ɗaya, biyu, ukku.

"Allah ya yi maka albarka. Tashi ka tafi kasuwarka."

Na cire hula na ajiye. Na naɗe hannun riga. Na jawo kwanon wanke hannu na wanke, na hau tabarma na tanƙwashe ƙafa a wancan gefen.

"Mi kake yi haka?"

"Ci zan yi."

"Da gemunka? Ƙato da furfura, uban 'yan mata, ya sa hannu kwano ɗaya da uwarsa? In wani ya shigo fa?"

"Sai in ce mashi bisimilla."

"Abokan ciyayyarka fa?"

"Na sallame su. Dama cutata suke, ni ke kawo mai nama."

"Kai dai ba ka da ta ido, Auta."

"Ke kika yaye ni a makare."

Rabona da cin abinci a kwanonta tun ina shekara bakwai, ranar da aka ce na girma, in koma zaure in ci da maza. Na sa hannu, sai na ji kunya ta kama ni, ni da ban san inda take zama ba. Ita ma ta kau da kai. Can sai na ga yatsunta sun gutsuro tuwo daga gefena sun tura mani inda miya ta fi yawa, kamar yadda take yi mani a da, ba tare da ta kalle ni ba. Ta turo mani tsokar nama. Na mayar mata. Ta sake turowa. Tsokar nan ta yi zirga-zirgar da direban Kano bai yi ba a ranar, daga ƙarshe muka raba ta biyu.

Ta yi ta huɗu. Ta yi ta biyar. Ina ƙirgawa a zuci, ashe leɓena na motsi.

"In ba ka daina ƙirga mani loma ba zan tashi."

Na daina. Amma na san ta wuce tara.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Da Mamana ta isa ta kira, na tambaye ta: to ni ma yanzu ba raga ba ne? Ba don idona take ci ba? Ta ce ita ma ba ta sani ba tabbas. "Amma kada ka tashi da an gama, Baba. Ka zauna har ya sauka. Wanda ya sauka muna ƙidaya shi."

Haka na koma. Da azahar in rufe shago, in tafi Ƙofar Durbi, mu ci, in jingina da bango in yi ta zuba har gyangyaɗi ya fara ɗaukarta, sannan in saɗaɗa in fita. Akwai ranar da take ci sosai, akwai ranar da sai na yi da gaske, musamman in idonta ya kai kan katangar nan. A irin ranar ba na labarin akuya. Tambayarta nake yadda suke gardamar gishiri, ta fara ba ni labari, hannunta na kai wa baki bai sani ba.

Bayan wasu watanni wata ƙanwarta ta zo daga ƙauye gaishe ta, ta same mu a kan kwano. Ta riƙe baki don ganina a tabarma, sannan ta dubi Inna da kyau.

"Yaya, ai kin yi kumatu! Wane magani aka ba ki?"

Na gyara murya. Na ce babu wani magani sai hirata. Na ce bakina in ya buɗe, ko dutse sai ya ji yunwa. Da za a kai ni asibiti ɗakin marasa cin abinci, kwana biyu sai an ƙaro masu girki. Na ce ita Inna ma daɗin labarina ne ke sa ta manta tana ci.

Inna ta suɗe yatsa, ta jawo kwanon ya ƙara matsowa gabanta.

"Wane labari? Ni ban taɓa sauraron ko ɗaya ba. Sauri nake in samu rabona, don in na tsaya sai in tarar da kwano wayam. Wannan ai ba ɗa na haifa ba, fara ce."